Dennis Ritchie (1941-2011) Da Tarihin Wasiyyar Da Kwamfuta Ke Bari Idan Ta Sume

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu, a nan Matankari ko a Dogon Dutsi, ya san irin wannan rana. Ana tsakiyar aiki, mutane na jira a kan benci, sai kwamfuta ta tsaya cak. Linzami ba ya motsi, allon rubutu ba ya amsawa, fuskarta ta canza launi, wasu layukan rubutu da lambobi sun bayyana. Abin da mai shago kan yi bai wuce ɗaya ba: ya danne maɓallin kashewa, ko ya zare waya daga bango, ya sake kunnawa. In ta tashi, shi ke nan an manta. Bayan kwana biyu ta sake yi, a sake kashewa, har ranar da za ta ƙi tashi gaba ɗaya, ta tafi da takardun jama'a da ke cikinta.

Waɗancan layuka da muke gogewa ba tare da mun karanta ba, su ne maganar ƙarshe da kwamfutar ta yi kafin ta sume, kuma a cikinsu ne sau da yawa ake samun sunan abin da ya kayar da ita. Wannan al'ada tana da tarihi, kuma a yau za mu bi shi ne ta hanyar rayuwar mutumin da hannunsa ke cikinta dumu-dumu, wato Dennis Ritchie, wanda ya ƙirƙiro yaren gina manhaja mai suna C, kuma shi da abokinsa Ken Thompson suka gina babbar manhajar Unix.

Haihuwarsa Da Karatunsa

An haifi Dennis MacAlistair Ritchie ranar 9 ga watan Satumba na shekarar 1941, a garin Bronxville da ke jihar Niyok ta ƙasar Amurka, ya kuma tashi a garin Summit na jihar New Jersey. Mahaifinsa, Alistair Ritchie, masani ne da ya daɗe yana aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs, a lokacin mallakar kamfanin wayar tarho na AT&T, yana kuma cikin mutum uku da suka rubuta wani littafi kan tsara hanyoyin lantarki na sada layukan tarho a 1951. Ke nan ana iya cewa Dennis ɗan gado ne.

Ya shiga Jami'ar Harvard, ya samu digirin farko a fannin kimiyyar fiziya a 1963, sannan ya zarce da karatun lissafi. Daga baya shi da kansa yakan yi wa kansa ba'a cewa karatun farko ya nuna masa ba shi da kaifin ƙwaƙwalwar da zai zama masanin fiziya, na biyu kuma ya nuna masa ba zai zama gwani a zurfin lissafi ba, abin da ya gano kawai shi ne kwamfuta na burge shi. A 1968 ya kammala kundin digirinsa na uku a ƙarƙashin malaminsa Patrick Fischer, amma bai miƙa wa ɗakin karatun jami'ar ɗinkakken kwafin da ƙa'ida ta tanada ba, saboda haka ba a taɓa ba shi takardar digirin ba. Sai a 2020, shekara tara bayan mutuwarsa, gidan adana tarihin kwamfuta da ke Kaliforniya ya fito da kwafin kundin ga jama'a. Kafin ma ya gama kundin, tun a 1967, ya riga ya kama aiki a Bell Labs, kuma a nan ya zauna shekara 40 cur.

Darasin Multics

Lokacin da Ritchie ya shiga Bell Labs, ya tarar da cibiyar cikin wani gagarumin aikin haɗin gwiwa da jami'ar MIT da kamfanin General Electric. Suna gina wata babbar manhaja ce mai suna Multics. In mun ce babbar manhaja, muna nufin manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kanta, wadda sauran ƙananan manhajoji ke hawa kanta su yi aiki, kamar Windows a kwamfuta ko Android a wayar salula. Burin masu Multics shi ne kwamfuta guda ta riƙa yi wa ɗaruruwan mutane hidima a lokaci ɗaya, dare da rana, kamar yadda kamfanin wuta ke raba lantarki. Abin da aka gina da wannan buri kuwa bai kamata ya faɗi ba, don haka aka cika shi da tanade-tanaden farfaɗowa daga kowane irin kuskure. Aikin ya yi nauyi, ya ci kuɗi, ya ɗauki lokaci. A 1969 Bell Labs ta janye hannunta.

Janyewar ta bar Thompson da Ritchie da wasu 'yan uwansu ma'aikata babu wurin aiki mai daɗi irin wanda suka fara sabawa da shi. Thompson ya samu wata ƙaramar kwamfuta ƙirar PDP-7 da aka yi watsi da ita a wani lungu, ya fara gina wata 'yar babbar manhaja a kanta cikin bazarar 1969, bisa tsarin adana fayiloli da suka zana tare da Ritchie da Rudd Canaday. A 1970 aka raɗa mata suna Unix, sunan da Brian Kernighan ya kawo don zolayar Multics.

A wannan shekara suka samu sabuwar kwamfuta ƙirar PDP-11/20. Ƙwaƙwalwar aikinta duka-duka kilobayit 24 ne, 16 na babbar manhaja, 8 na sauran ayyuka. Hoto guda da mai karatu zai ɗauka da wayarsa yau ya ninka wannan sau da yawa. Don su halatta kuɗin da aka kashe, sai suka yarda ma'aikata uku na sashen rajistar ƙirƙire-ƙirƙire su riƙa buga takardunsu a kanta. Matsalar ita ce, wannan kwamfuta ba ta da katangar da ke hana wata manhaja shiga gonar wata a cikin ƙwaƙwalwa. Sabuwar manhaja guda mai kuskure tana iya rubutu a kan babbar manhaja ta kayar da kowa. Ritchie ya ba da labarin cewa a wancan lokaci, ladabi ne duk wanda zai gwada sabon aikinsa ya ɗaga murya ya sanar, don masu buga takardu su adana abin da suka rubuta tukuna. Ke nan tun ranar farko, faɗuwar kwamfuta ba labari ba ne a wajensu, abokiyar zama ce.

Zuciya Da Firgicinta

A cikin kowace babbar manhaja akwai wani sashe da Turawa ke kira da kalmar da ke nufin ƙwayar da ke cikin ɓawo. Mu a nan za mu kira shi zuciya. Ita ce ke raba ƙwaƙwalwa tsakanin manhajoji, ita ke tsara wanda zai yi aiki yanzu da wanda zai jira, ita kuma kaɗai ke magana kai tsaye da faifan ajiya da allon rubutu da sauran sassa. Idan ƙaramar manhaja ta yi kuskure, zuciya kan kashe ta, sauran su ci gaba. To, idan zuciyar ce da kanta ta tsinci kanta cikin halin da bai kamata ya yiwu ba fa? Babu wani na sama da ita da zai kawo ɗauki.

Amsar da masu Unix suka bayar mai sauƙi ce. Sun rubuta wani ɗan umarni suka sa masa suna panic, wato firgici. A bugu na shida na Unix, wanda ya fito a watan Mayu na 1975, wannan umarni bai wuce 'yan layuka ba, kuma abu huɗu yake yi. Da farko yana adana dalilin firgicin a wani sanannen wuri cikin ƙwaƙwalwa, ko da na'urar buga saƙo tana kashe. Na biyu, yana tura duk bayanan da ke jiran a rubuta su zuwa faifai, don kada a yi asararsu. Na uku, yana buga saƙon a kan na'urar mai kula da kwamfuta, wadda a lokacin mai kama da tafireta ce, tana bugawa a takarda. Na huɗu, sai ya tsayar da komai, ya zauna yana jiran mutum. Idan kuma injin sarrafa bayanai ne ya kama zuciya tana aikata abin da ya haramta, kafin ta firgita takan buga lambobi uku da ke nuna inda za a dubo bayanin aikin da ke gudana da kuma nau'in laifin.

Tom Van Vleck, ɗaya daga cikin maginan Multics, ya rubuta labarin wata hira da suka yi da Ritchie. Ya gaya masa cewa kusan rabin abin da yake rubutawa a Multics na farfaɗowa daga kuskure ne. Ritchie ya nuna masa su sun bar duk wannan, in matsala ta taso zuciya ta firgita, kwamfuta ta tsaya, a ƙwala wa wani kira ya sake kunna ta. An daɗe ana kawo wannan labari, wasu don yabo wasu don suka, kuma kowane ɓangare na da hujja. Masu suka na cewa tsayawa cak asara ce ga duk mai aiki a lokacin. Masu yabo na cewa zuciyar da ta rikice amma ta ci gaba da aiki tana iya rubuta shirme a kan fayilolin mutane, ɓarnar da ba za a gano ba sai bayan makonni. Hausawa dai sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gaskiya ce kuma cewa mutum biyu da kilobayit 24 ba su da halin yin abin da Multics ta yi.

Ya kamata mu faɗi gaskiya a nan, ba Ritchie kaɗai ya yi wannan aiki ba. Rubutun zuciyar Unix na wancan zamani a jaka biyu yake, ɗaya mai suna ken, ɗaya mai suna dmr, wato haruffan farko na sunan Ritchie. Umarnin firgici yana cikin jakar Thompson ne. Jakar Ritchie kuwa ta ƙunshi manhajojin da ke tuƙa faifai da zaren ajiya da na'urorin buga rubutu, waɗanda ake kira direbobi, kuma har gobe a irin wannan sashe ne ake yawan samun abin da ke kayar da kwamfuta.

Tambayar Gawa

Saƙo na layi ɗaya ba kullum yake wadatarwa ba. Shi ya sa littafin jagorar Unix bugu na shida, wanda ke ɗauke da sunan Thompson da Ritchie, ya ware shafi musamman kan abin da za a yi idan kwamfuta ta faɗi. Shafin ya jero saƙonnin firgici da ma'anar kowanne, sannan ya ce idan dalilin bai fito fili ba, kafin a sake kunnawa a ɗora zaren maganaɗisu irin na kaset, a saita maɓallan gaban kwamfutar a kan adireshi na 44, a tayar da ita daga nan. Yin haka zai kwafe duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwa, daidai yadda yake lokacin faɗuwa, zuwa kan zaren. Bayan nan sai a kunna kwamfutar mutum ɗaya kaɗai na kai, a duba lafiyar fayiloli, sannan a zauna da wancan kwafi a bi sawu: wace manhaja ce ke aiki, wane umarni ya kira wane, a ina ƙafa ta zame.

Mu mutanen Arewa ba baƙon abu ba ne a kunnenmu a ce ana neman amsa daga wanda ya riga ya mutu, domin mun ji labarin al'adar tarkama ta Lugu, inda ake ɗaukar gawar Sarauniya don ta nuna wadda za ta gaje ta. Bambancin shi ne, tambayar da ake wa gawar kwamfuta babu asiri a cikinta, lambobi ne zalla, duk wanda ya koya zai karanta. Sharaɗin kawai shi ne a yi tambayar kafin a binne, domin sake kunnawa na share shaidar.

Kwafe ƙwaƙwalwa ya girmi Unix, ana yin sa tun zamanin manyan kwamfutocin shekarun 1950. Sunan da Unix ke ba fayil ɗin, wato core, ya samo asali ne daga 'yan ƙananan zobban maganaɗisu da ake saƙa ƙwaƙwalwar kwamfuta da su a da. Abin da ya sa na Unix ya yi tasiri shi ne yanayin da ta bazu. Wata yarjejeniya da AT&T ya yi da gwamnatin Amurka a 1956 ta hana shi kasuwancin da ba na sadarwa ba, don haka bayan Thompson da Ritchie sun gabatar da Unix a wani taro a watan Oktoba na 1973, aka kuma buga maƙalarsu a watan Yuli na 1974, sai kamfanin ya riƙa ba jami'o'i ita a kan kuɗi kaɗan, haɗe da asalin rubutunta, amma ba tare da alƙawarin gyara ko taimako ba. Wanda tasa ta faɗi, shi zai zama likitanta. Da haka dubban ɗalibai suka koyi karanta saƙon firgici. A ƙasar Ostireliya, wani malami mai suna John Lions ya rubuta sharhi kan zuciyar bugu na shida, wadda ba ta kai layi 10,000 ba, ya fitar a 1977. Da lasisin bugu na bakwai na 1979 ya hana koyar da rubutun a aji, ɗalibai suka riƙa yaɗa sharhin a ɓoye ta hanyar kwafi, har sai 1996 da aka ba da izinin buga shi.

Yaren C Da Makon Wahala

Babbar gudunmawar Ritchie ita ce yaren C. A farkon lamari an rubuta Unix ne da yaren da ke manne da ƙirar kwamfuta guda, mai wuyar karantawa. Ritchie ya ɗauki yaren B na Thompson, wanda shi ma ya samo asali daga BCPL na Martin Richards, ya faɗaɗa shi tsakanin 1971 da 1973. A 1973 aka sake rubuta zuciyar Unix da C. Amfanin wannan ga mai neman dalilin faɗuwa a fili yake: yanzu yana iya ɗaukar lambar da kwamfuta ta buga, ya bi ta har zuwa layin da ɗan Adam zai karanta ya fahimta. A 1978 Kernighan da Ritchie suka fitar da littafin koyar da C, wanda aka fassara zuwa harsuna da dama, a 1989 kuma hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta tsayar wa yaren ma'auni.

Akwai wani labari da ke nuna halin mutumin fiye da kowace lambar yabo. A cikin zuciyar bugu na shida, a wurin da take sauka daga kan wani aiki ta hau wani, an rubuta wani ɗan bayani da ke gaya wa mai karatu cewa ba a sa ran zai fahimci wannan wuri ba. Bayanin ya shahara, ɗalibai suka ɗauke shi a matsayin ƙalubale ko girman kai. Shekaru bayan haka Ritchie ya rubuta cewa manufar ita ce, wannan ba ya cikin abin da za a tambaye ka a jarrabawa, sannan ya ƙara da abin da ba kowane gwani zai faɗa ba: su kansu ba su fahimci abin da ke faruwa a wurin ba.

Asirin ya tonu ne a 1977, lokacin da shi da Steve Johnson suka ɗauki aikin mayar da Unix kan wata kwamfuta daban, ƙirar Interdata 8/32. Dabarar da ke aiki lafiya a PDP-11 ta ƙi aiki a can. Sun shafe kusan mako guda suna fama, suna zargin manhajar da ke fassara C zuwa yaren na'ura, kafin su gamsar da juna cewa dabarar ce tun asali ba daidai take ba. Ta yi aiki a PDP-11 ne kawai saboda mai fassarar can kullum hanya ɗaya yake bi wajen adana matsayin aiki, na Interdata kuwa yana canzawa. Suka rushe wurin suka sake gini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma wannan tsaga ta yi shekaru a ɓoye, kuma ba a gan ta ba sai da aka daina ɗora wa wani laifi.

Ƙarshen Rayuwarsa

Ritchie mutum ne mai kunya da ƙarancin magana, wanda ba ya son fitowa gaba. Ya ci gaba da aiki a Bell Labs, ya shugabanci sashen binciken manyan manhajoji, inda aka gina Plan 9 da Inferno, har ya yi ritaya a 2007. Shi da Thompson sun karɓi lambar Turing a 1983, wadda ita ce mafi girma a fagen ilimin kwamfuta. A watan Afrilu na 1999 shugaba Bill Clinton ya ba su lambar ƙasa ta fasaha, a 2011 kuma suka samu lambar yabo ta ƙasar Japan.

Ranar 12 ga watan Oktoba na 2011 aka same shi ya mutu a gidansa da ke Berkeley Heights a New Jersey, inda yake zaune shi kaɗai, yana da shekara 70, bayan ya yi fama da cutar daji da ciwon zuciya. Mako guda ke nan da mutuwar Steve Jobs na kamfanin Apple, don haka hankalin kafofin watsa labarai na can, ba a ji labarin Ritchie sosai ba. Tsohon abokin aikinsa Rob Pike ne ya fara sanar da duniya. Amma masu sana'ar sun san wanda suka rasa: an sadaukar da Fedora 16 da FreeBSD 9.0 gare shi.

Gadon Da Ya Bari

Yau zaren maganaɗisu ya tafi, amma tsarin na nan. Masu gyara Unix a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley sun sa zuciya ta riƙa juye ƙwaƙwalwa kan faifai da kanta, a kwaso bayan an sake kunnawa. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 bisa salon Unix kuma da yaren C, ta riƙe sunan panic har yau. A 2005 aka shigar mata da dabarar kdump, inda ake ajiye wata zuciya ta biyu a gefe, in ta farko ta faɗi ta biyun ta tashi ta kwafe ƙwaƙwalwar. Akwai kuma hanyar tura saƙon zuwa wata kwamfuta ta waya, da ta ware wani lungu na ƙwaƙwalwa da ba a sharewa yayin sake kunnawa. A 2024 aka ƙara mata damar nuna saƙon cikin lambar QR da za a ɗauka da waya. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix masu Android da ke aljihunmu, zuciyar Linux ce a cikinsu. IPhone ma jinin Unix ce, kuma tana adana rahoton firgicinta a cikin saituna, inda ƙwararrun masu gyara ke dubawa su gane sashen da ya lalace.

Windows ba daga zuriyar Unix take ba, amma hanya ɗaya ta bi. Shuɗin allon nan da muka sani, wanda Microsoft ya mayar baƙi a Windows 11 a 2025, yana nuna lambar dalilin tsayawa, wani lokaci har da sunan direban da ake zargi, yana kuma ajiye kwafin ƙwaƙwalwa a faifai. Ranar 19 ga watan Yuli na 2024 duniya ta ga muhimmancin wannan, lokacin da wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya kayar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft. Jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka rikice. Manhajar kamfanin da ke aiki a cikin zuciyar Windows ce ta nemi karanta wani wuri a ƙwaƙwalwa da ya wuce iyakarta, kuma kwafin da kwamfutocin suka bari ya nuna sunan direban ƙarara.

Kammalawa

To mai karatu, me ya rage mana? A ƙasa irin tamu mai zafi da ƙura da yawan ɗaukewar wuta, kwamfuta za ta faɗi, babu makawa. Ranar da ta faɗi, kafin hannu ya kai ga maɓalli, a ɗauki hoton allon da waya yadda rubutun zai fito. A rubuta ranar da lokacin, da abin da ake yi, da ko an jona wani sabon abu ko an sanya sabuwar manhaja. In ta sake faɗuwa a kwatanta: saƙo iri ɗaya kullum yakan nuna direba guda ko sashe guda, saƙonni masu canzawa kuwa sukan sa a fara zargin ƙwaƙwalwar aiki ko zafi ko wutar lantarki. Ga 'yan uwanmu masu gyara kuma, goge kwamfuta ko yi wa waya filashin tun kafin a duba rahoton, daidai yake da ba da magani ba a tambayi mara lafiya inda ke masa ciwo ba. In laifin na wani sashe ne da ya lalace, cutar za ta dawo, mai kaya kuma ya yi asarar kuɗinsa da hotunansa da takardunsa.

Ritchie da abokinsa sun gina abin da in ya rasa gane inda yake, yakan tsaya ya faɗi gaskiya, shi ma kuma da nasa kuskuren ya bayyana, haka ya yi. Namu shi ne mu karanta kafin mu kashe.